Tiyatar Bishiyar Mangwaro

A layinmu akwai wani saurayi da kowa ke kira Likita. Aikinsa a asibiti shi ne tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata, in an gama ya turo su ya maido. Ƙofar ɗakin tiyatar nan ita ce iyakarsa, amma tana da ɗan gilashi a sama, shi kuwa Likita dogo ne. Ta gilashin nan ya yi duk karatunsa.

In ya taso aiki da yamma, bencin ƙofar shagon Tela yake fara sauka.

"Yau mun cire wa wani tsoho ƙoda," in ji shi.

"Ku da wa?" in ji Tela, allura a baki.

"Ni da Dakta. Shi ya riƙe wuƙa."

"Kai ka riƙe me?"

"Ƙofa. Kai ba ka san aikin ba. Ƙofar nan ta buɗe iska ta shiga, ai sai dai a yi wa iyali haƙuri."

Haka ake ta yi har babansa ya kwanta ciwo. Likita da kansa ya tura shi a gadon nan mai taya ɗaya mai kuka, yana ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, nan wurinmu ne." Ya tura shi har bakin ƙofar tiyata, aka shiga da shi. Ranar bai leƙa ta gilashi ba. Da aka miƙo masa gadon, an ja mayafi har saman kai.

Tun daga nan Likita ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Hutun da aka ba shi ya ƙare, bai koma aiki ba. Inna ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Yayarsa, wadda ta baro gidan mijinta ta zo taya Inna zama, ta yi lallashi ta gaji, ta yi faɗa ta gaji. Bencin Tela ya yi shiru, ba a ƙara cire wa kowa ƙoda ba.

A tsakar gidan akwai bishiyar mangwaro. Ƙarƙashinta Baba yake zama da rediyonsa, kujerarsa ma tana nan, ba wanda ya iya ɗauke ta. Bayan rasuwar sai bishiyar ta fara bushewa ta gefe ɗaya. Babban reshen da ya tsallaka katanga ya zubar da ganyensa kaf, ya tsaya tsirara a saman wurin da maƙwabcinsu Baba Direba ke ajiye tasinsa.

Wata safiya Baba Direba ya yi sallama, guntun itace a hannun dama, madubin mota a hagu. Bayansa wani ɗan gajeren mutum ne da injin sare itace a kafaɗa, wanda ake kira Mai Zarto.

"Ya ƙarin haƙuri," in ji Baba Direba. "Wallahi kunyar shigowa nake. Amma yau madubi ne, gobe gilashin gaba, jibi kuma kaina."

"Ka yi gaskiya," in ji Inna.

"A sare kawai," in ji Yaya. "Ni na gaji da sharar ganye."

Mai Zarto ya zagaya bishiyar, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa kamar mai sayen kankana. "Rabinta ya riga ya tafi," ya ce. Ya ja igiyar injinsa.

Ƙarar injin ce ta yi abin da lallashi ya kasa. Ƙofar ɗaki ta buɗe. Likita ya fito a rame, gemu ya cika masa fuska, yana ƙifta ido don hasken rana.

"Wa ya ba ku izinin taɓa majinyaci?"

"Wane majinyaci?" in ji Baba Direba, yana waiwaye.

"Bishiyar nan Baba ya shuka ta da hannunsa. Ita ce ta rage mana mai numfashi. Ba mutuwa ta yi ba, ciwo take yi. Ni na ga waɗanda suka fi ta jin jiki sun tashi sun tafi gida da ƙafarsu."

"Wannan in ta tashi, kan motata za ta zo."

Inna ta dubi ɗanta tun daga sama har ƙasa. Sannan ta ce wa Mai Zarto, "Kashe abin nan, bawan Allah. Magana tana hannunsa. In ya ce a bari, an bari."

Baba Direba ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya ce ya ji, albarkacin marigayi, amma kafin iskar damina ta fara, ko bishiya ta warke ko ta sauka.

"Kafin damina?" Likita ya yi dariya, ta farko tun rasuwar. "Baba Direba, ka shirya kwando. Bana sai ka ƙoshi da mangwaro."

Aka fara jinya.

Ya haɗa mazurari da guntun tiyo, ya manna a jikin bishiyar, ya sa kunne. Ya daɗe yana saurare, fuska a murtuke. Abin da ya ji shi ne gara tana cin abincinta a ciki, ƙus-ƙus-ƙus.

"Zuciya na bugawa," ya ce. "Amma ruwan jikinta ya ƙare."

Yana da ledojin ƙarin ruwa da aka gama amfani da su, waɗanda ya taɓa kwasowa daga wurin aiki ko za su yi rana. Ranar tasu ta zo. Ya cika su da ruwan gishiri da sukari, ya rataya a rassa, ya huda bishiyar da ƙusa, ya cusa bakin roba. Bishiya ba ta sha ko ɗigo ba. Ruwan ya riƙa gangarowa ta ɓawo yana taruwa a gindinta.

Washegari masu dubiya suka iso. Tururuwa ce, layi-layi, daga gidajen da ba a san suna da tururuwa ba. Da suka gama da majinyaci, sai suka wuce ɗakin da ya fi kusa, wato na Yaya. Ta fito tana kaɗe zani tana tsalle.

"Kai, zo nan! Me ka zuba wa itacen nan?"

"Yaya, rage murya, akwai maras lafiya."

"Za a samu na biyu yanzun nan. Ina gwangwanin sukarin Inna?"

"An rubuta mata shi."

"Wa ya rubuta?"

Likita ya ce shi ba ya tattauna sirrin majinyaci a tsakar gida. Ya ɗauko wuƙa ya kankare duk inda tururuwa ta taru, ya wanke da maganin ciwo, ya naɗe bishiyar da farin ƙyalle tun daga gindi har inda hannunsa ya kai. Sai da azahar Yaya ta gane ƙyallen. Zanin gadonta ne, sabo, wanda ko mijinta bai taɓa kwanciya a kai ba.

"Inna, kina gani fa!"

"Ina gani," in ji Inna. Tana kallon kwanon da ta ajiye masa da safe. Ya cinye tas, har ya sa ruwa ya ɗauraye.

Daga nan dokoki suka fito. Ya kwance igiyar shanyar Inna, ya ce ba a rataya wa maras lafiya kaya. Ya hana zama a inuwa sai bayan la'asar. Ya kori tsuntsaye da murfin tukunya. Ya je ya ce wa Baba Direba ya daina ɗumama mota da sassafe, hayaƙi na shigar wa majinyaci ƙirji. Ya tsallaka titi ya ce wa Tela ya riƙa taka kekensa a hankali.

"To, Likita," in ji Tela. "Ana shigo mata da abinci daga waje, ko na asibiti take ci?"

"Ka yi dariyarka. Ranar sallama kai za ka fara miƙo hannu."

Mai Zarto kuwa bai yi fushi ba. Kullum in zai wuce a kekensa, inji ɗaure a baya, sai ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya leƙo.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan kusa dai."

Sauƙin shi ne ganyen ɗaya gefen ma ya fara yin rawaya. Likita ya ce haka ake so, ciwo sai ya yi tsanani kafin ya fita. Amma da safe, kafin kowa ya fito, yakan tsaya ya ɗora tafin hannu a kan ƙyallen. Inuwar da a da take rufe rabin gida yanzu da ƙyar take rufe kujerar Baba. Kullum sai ya ɗan matsar da kujerar kusa da gindin, don kada rana ta taɓa ta.

Wata rana ya ce, "Ciwon a ciki yake. Da a wurinmu ne hoto za mu ɗauka. Tunda babu, sai a buɗe."

Ya aro diga da shebur. Ya haƙa rami zagaye da bishiyar har ya kai masa ƙugu. Duk saiwar da ya ga ta yi baƙi sai ya sare ta da gatari, ya ce ta ruɓe. Saiwar mangwaro kuwa a cikin ƙasa duk baƙa ce. Ya tara su tuli guda a gefe, yana nuna wa Yaya.

"Kin ga abin da ke cinta."

"Na ga abin da ke riƙe da ita."

Can ƙasa ya tarar da wata saiwa miƙaƙƙiya, santsi, mai sanyi. Ya shafa ta. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin jijiya ta kumbura haka ba. Ya ɗaga gatari ya sauke.

Ruwa ya yi tsiri har ya wuce rufin kwano.

Bututun nan shi ke kai ruwa gidansu da gidan Baba Direba. Ba a jima ba sai ga Baba Direba da tawul a ƙugu, kumfar sabulu a kai, ido ɗaya a rufe.

"Wane ne? Wane ne ya kashe mini ruwa?"

Likita yana tsaye cikin rami, ruwa na zuba masa a ka. "Ƙarin ruwa ne, Baba Direba," ya ce. "Babba."

"Ka yi wa Allah ka yi wa iyayenka, ka bar itacen nan ya mutu da mutuncinsa!"

"Ba a cire rai ga majinyaci."

Sai da aka kira mai gyaran famfo, kafin ya zo ramin ya cika ya tumbatsa, kajin Inna sun hau kan turmi. Aka ɗaure bututu. Yaya ta ce a mayar da ƙasa. Likita ya ce ba a ɗinke ciwo sai ya tsotse. Bishiyar ta kwana ta wuni tsaye cikin taɓo, da rabin saiwoyinta a tuli a gefe, da farin ƙyallenta, da ledojinta suna lilo.

Sai gabas ta fara haɗa gira. Iska ta fara ɗaga ledojin titi da yamma. Baba Direba ya shigo, bai zauna ba, ya nuna sama da yatsa kawai.

"Na gani," in ji Likita. "Dama jira nake ta yi ƙarfi. Gobe tiyata. Reshen nan da ya mutu shi ke shanye mata jini. A yanke shi, ta miƙe."

"Bari in yanke maka," in ji Mai Zarto daga bakin ƙofa. "Kafin ka sha ruwa na gama."

"Kai mahauci ne. Wannan aikin likita ne."

"To," in ji Mai Zarto. Ya ba shi aron zarton hannu.

Tsarin Likita shi ne: a ɗaura igiya a busasshen reshe, a tsallakar da ita katanga, a ɗaura a bayan tasin Baba Direba. Shi zai hau ya yanka, in ya kusa rabuwa ya ba da umarni, mota ta ja, reshe ya faɗa tsakiyar titi, katanga ko ƙwarzane. Baba Direba ya yi tunani ya ga cewa a cikin wannan tsari motarsa ce ta fi kowa nisa da bishiyar. Ya yarda.

Ba wanda aka gayyata, amma da hantsi layin ya cika. Tela ya fito da bencinsa gefen titi, manya suka zauna. Ya kuma kawo wa Likita kyauta, farar riga mai aljihu uku, wadda ya ɗinka da ragowar zanin gadon Yaya. Mai Zarto ya jingina kekensa ya zauna a kan dutse yana ɓare gyaɗa.

Likita ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗaga su sama suna ɗiga. Ya sa safar hannu, ya ɗaura takunkumi. Ya kafa tsani ya hau. Daga sama ya ga kawunan mutane cike da titi, duk suna kallonsa, ba ƙofa, ba gilashi. Yau shi ne a ciki.

Ya fara yanka. Busasshen mangwaro ba ya jin zarto. Ya ja, ya tura, ya ja, zarto ya lanƙwashe ya miƙe. Gari kaɗan ya zubo. Gumi ya jiƙa takunkumi.

"Nas," ya ce wa Yaya, wadda ke riƙe da tsani, "goge mini gumi."

"Sauko in goge maka da tsintsiya."

"Likita, an kai ƙashi?" Tela ya ɗaga murya daga titi.

"Saura kaɗan!"

Abin da ya yanka bai kai kaurin yatsa ba, kuma zarton ya maƙale, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya dubi zarton. Ya dubi jama'a. Wata tsohuwa ta fara naɗe tabarmarta za ta tafi. Likita ya rungumi gangar bishiyar da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan.

"Baba Direba, ja!"

Mota ta yi gurnani. Igiya ta miƙe ta yi tauri. Reshen bai ko motsa ba, don reshen lafiyarsa ƙalau ta wannan fannin. Baba Direba ya ƙara wuta.

Sai aka ji wani sauti daga ƙasa, kamar saniya na zare ƙafa daga laka. Yaya ta saki tsani ta ja Inna gefe. Bishiyar ta ɗan karkata, ta tsaya kamar mai tunanin ko ta manta wani abu a gida. Sannan ta tafi gaba ɗayanta, da ƙyallenta, da ledojinta, da likitanta. Ta kwanta a kan katanga, katanga ta ce ita ma ta gaji, suka zube tare cikin titi. Manyan da ke kan benci suka tuna da ƙuruciyarsu. Bencin dai bai samu gudu ba. Tasi ta yi gaba da gudu, ƙarfen bayanta ya zauna a wurin tare da igiya.

Ƙura ta lafa. Kowa ya zuba ido.

Ganye ya motsa ta gefen da ke da sauran rai. Likita ya fito da rarrafe, riga ta rabu biyu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya taɓa kansa, ya taɓa haƙarƙari. Ba abin da ya karye.

Tela ya zagaya ya duba busasshen reshen. Yana nan manne da uwarsa, zarto a maƙale a jikinsa.

"Reshen dai ya tsira," ya ce.

"Ni a sana'ata daga sama muke farawa," in ji Mai Zarto, yana kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Amma kowa da makarantar da ya yi."

Dariya ta fashe tun daga wannan bakin layi har wancan. Baba Direba ya dawo a ƙasa, ya ɗaga ƙarfen motarsa, yana jujjuya shi.

Likita bai ji su ba. Ya taka bulo ya shiga gida ta inda katanga take a da. Tsakar gidan ta yi wani irin haske da bai taɓa gani ba, sama a buɗe, rana kwance a kan kujerar Baba. Inna na tsaye a bakin ramin. Ya je gabanta ya tsaya, ya sauke takunkumi zuwa wuya, ya haɗa hannuwa a gaba.

"Inna," ya ce, "mun yi iya ƙoƙarinmu."

Ya durƙusa cikin taɓo ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba a asibiti, bai yi ba a maƙabarta, bai yi ba a ɗaki. Gida ba katanga, duk layin na kallo. Dariyar ta mutu da kanta. Tela ya cire hula ya rasa dalili, ya mayar.

Inna ta bar shi sai da ya yi mai isarsa.

"Bishiyar Baba," ya ce. "Da hannuna."

"Ni na shuka ta," in ji Inna.

Ya ɗago.

"Ina da cikin yayarka na sha mangwaro na tura ƙwallon a nan. Ubanka tun tana ƙarama yake cewa a sare ta. Tana zuba masa ganye a shayi, tsuntsaye na ɓata masa hula. Ya zauna a ƙarƙashinta ne don nan kawai rediyonsa ke kamawa."

"Inna! Kina sane kika bar shi ya yanka mini zanin gado?" in ji Yaya.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" in ji Likita.

"In faɗa ka koma ɗaki?" Ta sa bakin mayafinta ta goge masa laka a goshi. "Tashi, auta. Mutane na kallo."

Ya tashi. Ya ja hanci. Mai Zarto ya riga ya ja igiyar injinsa a titi, ba tare da ya tambayi kowa ba. Likita ya tsaya yana kallon bulon da ya warwatse, ya sunkuya ya ɗauki guda biyu, ya haɗa bakinsu, ya karkata kai.

"Wannan ai karaya ce," ya ce a hankali. "Karaya mai sauƙi. A wurinmu mun ɗora waɗanda suka fi wannan."

"A'a!" in ji Baba Direba da Tela da Yaya, baki ɗaya.

"Ku bar shi," in ji Inna. "A samo masa siminti."